Man silikon da ya wuce wa'adinsa

Talata, Sakkwato.

Cikin waɗanda aka duba yau akwai wani dattijo daga wajen Gwadabawa, idon dama ja, yana zubar da hawaye, ba ya son haske. Bara aka yi masa aikin ɓallewar tantanin gani na bayan ido, aka cika idon da man silikon don ya danne tantanin har ya manne. A ƙa'ida ana cire man bayan wata 3 zuwa 6. Shi da gani ya ɗan dawo, sai ya yi zamansa gida.

A na'urar duba ido sai ga farin layi a saman ɗakin gaban ido, wato ɗan sararin da ke cike da ruwa a gaban ƙwayar ido. Inda farin ya tsaya shi ke raba gardama ko mugunya ce ko man silikon. Mugunyar ƙwayoyin cuta ƙasa take kwanciya, da azabar ciwo, galibi cikin kwanakin farko bayan aiki. Man silikon kuwa bai kai ruwa nauyi ba, sama yake taruwa. In ya daɗe sai ya farfashe ya koma ƙananan ɗigo, kamar an kaɗa nono. Ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ɗigon, su kasa narkar da shi, kumburi ya tashi, magudanar ruwan ido ta toshe, matsin cikin ido ya hau. Man kuma iri-iri ne wajen kauri: mai kaurin 1000 ya fi mai 5000 saurin farfashewa, sai dai ya fi sauƙin zuƙewa ranar cirewa.

Matsin idon 38, alhali bai kamata ya wuce 21 ba.

An ba shi ɗigon prednisolone 1% na kumburi, atropine 1% don kada ƙwayar ido ta manne, da timolol 0.5% na rage matsi safe da yamma, bayan an tabbatar ba shi da asma. Prednisolone kansa yana ɗaga matsi a wasu mutane, shi ya sa zai dawo awo cikin mako guda. Kafin a ba da acetazolamide, wani maganin rage matsin ido, aka tambayi sikila da ciwon ƙoda. A ƙasar nan tambayar sikila ba ta tsallakuwa, don maganin yana iya tayar da ita.

Da aka ce masa dole a cire man, sai dattijon ya ce, "Likita, ba za a bari sai bayan kaka ba?"

"Baba, ɗigon nan lallashi ne kawai. Jijiyar gani in matsi ya cinye ta, ba ta dawowa."

Ɗansa ya tambaya ko tantanin zai sake ɓallewa in an cire man. Yana iya faruwa. Don haka likitan tantanin zai fara duba ko ya manne ko'ina, ya ƙara liƙe shi da hasken lesa inda yake da rauni, sannan a wanke idon har ɗakin gaba, domin ɗigon man da aka bari zai ci gaba da hura kumburin. An rubuta musu takardar turawa kafin azahar.