Gidan Katako Da Ya Karkace Bai Faɗi Ba

Na taso daga Mancesta da sassafe a cikin watan Mayu, na hau jirgin ƙasa zuwa garin Congleton da ke gundumar Cheshire a arewa maso yammacin Ingila, daga tasha kuma na ɗauki tasi wadda ta bi da ni kudu ta cikin gonaki da makiyayar shanu har mil huɗu. Tun kafin direba ya tsaya na hango Little Moreton Hall a bayan bishiyoyi, kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne cewa gidan nan ba zai kai baɗi ba. Benen da ke saman ƙofar shiga ya fi na ƙasa faɗi, bangonsa ya turo ciki waje, tagoginsa sun lanƙwashe, ga kuma inuwarsa duk ta kwanta a cikin ruwan ramin da aka haƙa kewaye da shi, wanda faɗinsa ya kai mita 10.

Na tsallaka gadar dutse, na ratsa zaure, na fito tsakar gida da aka shimfiɗe da duwatsu. A nan na fi daɗewa. William Moreton ne ya fara ginin a farkon ƙarni na 16, wajen shekarar 1504, bisa tsarin gidajen zamanin da ya gabata, wato babban falo a tsakiya da ɗakuna a gefe, 'ya'ya da jikoki kuma suka yi ta ƙari har wajen 1610. Iyalin manoma ne masu sayen ƙasa, waɗanda dukiyarsu ta bunƙasa tun bayan annobar da ta afka wa Ingila a 1348, don haka suka so gidan ya faɗa wa kowa matsayinsu. Gangar jikin ginin itacen oak ne da aka fafe, aka zura wani cikin wani, aka kafe da ƙusoshin katako. Tsakanin itace da itace kuwa saƙar ƙirare ce da aka yaɓe da laka haɗe da ciyawa. Da na matsa kusa na ga yaɓen, sai na tuna magina na gida suna cuɗa ƙasa da ramno, domin hikimar ɗaya ce, kuma rauninta ɗaya ne, wato ruwa.

A saman manyan tagogi biyu da suka turo cikin tsakar gidan akwai rubutu da aka sassaƙa a jikin katako, wanda ya ce William Moreton (wato ɗan wanda ya fara ginin, sunansu ɗaya) ne ya sa aka yi su a 1559, kuma kafinta Richard Dale ne ya yi aikin da ikon Allah. Ya burge ni ƙwarai cewa mai gida ya yarda sunan kafintansa ya zauna tare da nasa a inda kowane baƙo zai gani. Tagogin gidan an haɗa su da ƙananan gilasai kusan 30,000 da aka ɗinke da dalma, a lokacin da gilashi kayan masu hali ne.

Wata dattijuwa daga cikin masu aikin sa kai ce ta hau da mu bene ta wata matattakala mai murɗiya. A can ƙoli akwai dogon ɗaki mai tsawon mita 21, tagogi dama da hagu, inda mutanen gida suke tattaki da wasa idan sanyi ya hana fita. Daɓensa yana hawa yana sauka kamar kunyoyin gona, har sai da na dafa bango.

"Ranki ya daɗe, wannan ɗakin shi ne ya karkatar da gidan?" na tambaye ta.

Ta ce shi ne. An ɗora shi ne a kan ɗakunan ƙasa ba tare da an ƙarfafa ginshiƙansu yadda ya kamata ba, sannan aka rufe shi da fale-falen duwatsu masu nauyin kusan tan 32, nauyin ya yi ta danna bangon yana tura shi waje shekara da shekaru. Ta nuna mana sandunan ƙarfe da aka ratsa daga bango zuwa bango a ƙarshen ƙarni na 19 don su riƙe shi, ta kuma ce akwai wani ƙarfen da aka ɓoye a cikin ginin daga baya, wanda ido ba ya gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gidan ya tsira. Iyalin Moreton sun goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila, aka ƙwace gidan a 1643, kuma ko da ya dawo hannunsu arziki ya riga ya karye. Daga baya suka bar shi a hannun manoma 'yan haya kusan shekara 200. Da suna da kuɗi, da sun rushe shi sun gina na bulo kamar yadda masu hali na zamanin suka yi, amma rashi ya sa aka bar shi yadda yake. Elizabeth Moreton, 'yar zuhudu a cocin Anglika, ta gaje shi a 1892 yana gab da zubewa, ta fara gyara, sannan ta bar wa ɗan uwanta Bishop Charles Abraham, wanda ya miƙa shi ga ƙungiyar National Trust, mai kula da gine-gine da wuraren tarihi, a 1938.

Yau katanga biyu ce ke kare shi. Dokar majalisa ta 1907 ta bai wa ƙungiyar ikon ayyana kadararta a matsayin wadda ba a sayarwa ba a jinginarwa, sannan gidan yana cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen tarihi da hukuma ta yi wa rajista, rukunin da bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari na dukkan masu rajista ba. Taɓa irin wannan gini ba tare da izini ba laifi ne da kotu ke hukuntawa. Amma a ganina doka ba ta kai tarbiyyar masu gyaran muhimmanci ba, domin suna da kuɗi da na'urorin da za su iya miƙe bangon nan, suka ƙi. Suna tallafe shi ne kawai, suna cire ruɓaɓɓen itace su dasa sabo daidai gurbinsa, suna auna motsinsa. Wannan taka-tsantsan ne ya sa a 1976 aka gano zanen bango na ƙarni na 16 a bayan allunan wani ɗaki, mai ba da labarin Susana daga littattafan Kirista, aka bar shi a buɗe da duk ɓarnar da ke jikinsa. Na tuna tsofaffin soraye da na sani tun ina yaro, waɗanda aka shafe da siminti da sunan gyara, danshi ya taru a ciki ya cinye su, raina ya ɓaci.

Kafin in tafi na zaga bayan gida, na ga lambun da aka dasa a 1972 bisa wani tsari na ƙarni na 17, na kuma bi gefen ramin ruwan har na dawo gada. Yayyafi ya fara sauka, wani ma'aikaci yana tsaye da tsani yana duba indararo ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na kama hanyar titi don jiran tasin da za ta mayar da ni tashar Congleton.