Abin da ya tsayar da syncrepl ɗina a kan 500

'Yan uwa masu koyon OpenLDAP, manhajar da ke ajiye asusun masu amfani a kan saba, alhamdulillahi, sabobina biyu sun daidaita: babbar da ke riƙe da bayanai da ƙaramar da ke kwafa daga gare ta. Na duba contextCSN, wato alamar canji na ƙarshe, na babbar da na ƙaramar, iri ɗaya ne harafi da harafi, kuma farin cikin bai sake ni ba har yanzu.

Na jingine tsohuwar dabarar cron da slapcat ta kwashe rumbun gaba ɗaya lokaci-lokaci, na koma syncrepl, hanyar OpenLDAP ta kwafar canje-canje daga saba zuwa saba, da type=refreshOnly, don ƙaramar tana kan layin waya mai cin data, wuta kuma ba ta zama. Na fi son ta leƙo bayan kowane minti 15 ta kwashi canji ta kama gabanta. Wato interval=00:00:15:00, gurbi huɗu ne: kwana, awa, minti, daƙiƙa.

Ga inda na sha wuya. Na loda asusun gwaji 800 a babbar, ƙaramar ta jawo ta jawo, ta tsaya cak a kan 500. Lokaci ya zagayo, ta sake farawa, ta sake tsayawa a nan. Na yi ldapsearch, umarnin neman bayanai, da asusun admin a babbar, komai ya fito cif. Na zargi agogo, na sa chrony mai daidaita agogo a duka biyun. Na ƙara index na entryCSN da entryUUID. Na share rumbun ƙaramar na tashe ta daga farko. Shiru. Ga data tana ta zuba a banza, sai da na sake sayen wata datar tun wata bai raba ba, abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Da na sa loglevel sync don ganin rahoton aikin kwafar ne asiri ya tonu: "(4) Size limit exceeded". Ashe slapd, wato manhajar sabar OpenLDAP, idan ba a gaya masa komai ba, ba ya mayar da sakamako fiye da 500 ga mai nema. Admin, wato rootdn, wannan iyaka ba ta hawa kansa, shi ya sa gwajina yake ta fitowa lafiya alhali asusun cn=replicator da ƙaramar ke shiga da shi yana ɗaure. Kuma iyakar a babbar take, duk abin da ka rubuta a ƙaramar ba zai ɗage ta ba.

Maganin layi ɗaya ne a olcLimits, saitin iyakoki, na rumbun babbar: dn.exact na replicator, size=unlimited, time=unlimited. Na shigar da ldapmodify ta ldapi:///, ko sake kunna slapd ban yi ba. Wani zai ce a ba ƙaramar asusun admin kawai a huta. Ban yarda ba, kalmar sirrin tana zaune a fili cikin saitin syncrepl.

TLS, wato ɓoye bayanai a kan hanya, a tashar 636 na so yi a makon nan, amma sai na fara ba replicator izinin karanta userPassword, gurbin kalmar sirrin asusu, don ba a kwafo shi ba, shi ya sa har yanzu ba mai iya shiga ta ƙaramar.