Asabar, na je Saint-Émilion

Yau tun bayan asuba barci ya ƙi dawowa. Aikin da malamarmu ta ba mu kan yawan jama'ar yankin Gironde na Faransa, inda birnin Bordo yake, ne ya tsaya min a rai, kwana uku kenan ina gaban kwamfuta ina kallon alƙaluman INSEE, hukumar ƙididdigar Faransa, har idanuna sun fara yaji. Na ce bari dai in je Saint-Émilion, wani ƙaramin gari a yankin, in gane wa idona. Na hau jirgin ƙasa a tashar Saint-Jean ta Bordo, ko minti arba'in ba mu yi ba na sauka, na taka da ƙafa na hau tudu, hagu da dama ba komai sai gonakin inabi jere reras.

A takarda kam Gironde cika take yi. Mutum sama da miliyan 1.6 ne, kowace shekara ana samun ƙarin kusan dubu 20, kuma yawancinsu masu ƙaurowa ne ba haihuwa ba. Tun da aka buɗe layin jirgi mai gudu a 2017, Paris zuwa Bordo awa biyu da 'yan mintoci, mutane suka yi ta kwararowa, haya ta yi tashin gwauron zabi, ni kaina sai da na sha baƙar wuya kafin na samu wannan ɗan ɗakin nawa. Amma Saint-Émilion, garin da sunansa ke jikin kwalaben giya masu tsadar gaske, a 1968 mutum sama da 3,400 ne a cikinsa, yanzu ko 2,000 ba su kai ba.

Da na shiga garin sai na ga kamar ƙarya lissafin yake, don ko wurin taka ƙafa babu. 'Yan yawon buɗe ido ne ta ko'ina, Turawa da 'yan Sin da 'yan Amurka, kowa da waya yana ɗaukar hoton cocin nan da aka sassaƙa cikin dutse. An ce sama da miliyan ɗaya ke zuwa duk shekara, UNESCO ma ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1999. Sai da na ɗaga kai sama na lura tagogin benaye duk a rufe suke, ƙasa shagon giya, gaba shagon giya, ba shanya, ba kukan yaro.

Na zauna kan wani benci ina cin makaron, wani ɗan biskit mai zaƙi da aka san garin da shi, wata tsohuwa da jakar cefane ta zauna kusa da ni. Na gaishe ta, na ce, "Madam, nan kike zaune?" Ta ce nan aka haife ta. Ta nuna min layinsu da sanda, ta ce, "Saurayi, da can kowace ƙofa na san mai ita, yanzu wancan na baƙin kwana biyu ne, wancan ma haka, in hunturu ya shigo fitilata kaɗai ke ci." 'Ya'yanta biyu suna Bordo. Wallahi sai Inna ta faɗo min a rai, yadda gidanmu a Damagaram ko tsakar dare ba ya rabuwa da motsi, mu can mace tana haifar shida ko fiye, nan ko biyu ba a kaiwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne masu aikin gonakin. Bara na ga wasunsu lokacin tsinkar inabi, 'yan Maroko da 'yan Bulgariya, wasu a tanti suke kwana, kaka na wucewa su watse, ƙidayar garin ba ta san da zamansu ba alhali guminsu ne a cikin kowace kwalba. Ga kasuwar giyar ma ta faɗi, tun 2023 gwamnati ke biyan manoman yankin Bordo su tuge inabinsu, hekta dubbai, to wanda aka tuge gonar da yake wa aiki me zai zauna yi a ƙauye?

Na yi azahar a gefen wata gona, na dawo da jirgin yamma. Yanzu na buɗe aikin na goge shafin farko gaba ɗaya, da tsohuwar nan zan fara. Litinin zan tambayi malama inda zan samu adadin yaran firamaren garin shekara bayan shekara.