Asabar: na raka Auta gasar gem

Da hazo muka wayi gari, sanyin nan na Jos mai ratsa ƙashi. Bayan asuba na ga ƙanina Auta yana murza yatsunsa yana hura musu iska, kada su sandare kafin gasar gem, wato wasan bidiyo. Baba ya dube shi ya ce, "Wasan yara kake wa shiri kamar mai shiga filin ƙwallo na Rwang Pam?" Yaron ya sunkuyar da kai. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na rufe shago bayan azahar na bi shi.

Gidan gem ɗin yana wani lungu a titin Bauchi. Samari talatin da biyu, PlayStation huɗu, janareta na ruri a waje. Ƙwallon nan suke bugawa da kowa ke kira FIFA har gobe, duk da an sauya masa suna zuwa FC tun 2023.

A wasansa na uku na gane abin da ƙanina yake yi a ɗaki duk daren Allah. An zura masa biyu kafin hutun rabin lokaci. Bai yi ƙorafi ba. Ya lura abokin karawarsa ta gefen hagu kawai yake kawo hari, sai ya sauya tsarin 'yan wasa, ya toshe wannan ƙofa, ya farke duka biyun, ya ƙara ɗaya ana gab da tashi. Da na dafa kafaɗarsa, rigar ta jiƙe sharkaf, a wannan sanyi! A wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da shi a bugun fenareti. Ya miƙa wa wanda ya doke shi hannu, idonsa ya kaɗa jawur.

Bayan isha'i na sami Baba. Shi fa gwanin dara ne, a majalisarsu ba mai ja da shi. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ita ma dara a zaune ake yin ta, amma ba a taɓa ce muku masu wasan yara ba." Na faɗa masa wani matashi ɗan Saudiyya, Mosaad Aldossary, ya ɗauki kofin duniya na wannan gem a Landan a 2018, da dala 250,000. A gasar wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023, lambar zinare aka rataya wa 'yan gem, irin ta 'yan tsere. A gasar gem ta duniya da aka yi a Riyad kuwa, a 2024, jimillar kyaututtukan ta haura dala miliyan 60.

Baba ya ce Ahmed Musa da ƙafarsa ya yi gudu a garin nan kafin duniya ta san shi. Gaskiyarsa, gem ba zai gina wa mutum jiki ba, kuma yaran da ya raba da salla da karatu ba ƙarya ba ne, na san su. Amma ni ba dalolin ne suka dame ni ba. Akwai atisaye, akwai doka, akwai ci da rashin ci a gaban jama'a, kuma yau na gani da idona.

Baba bai ce ya yarda ba. Ya dai ƙwala wa Auta kira, ya tambaye shi yadda aka yi ya ɓarar da fenaretin ƙarshe. Na baro su yaron yana zana raga a ƙasa da tsinke.