Jaruman da aka manta da su a tsofaffin mujallun labaran zane na Amurka

Tun bayan da Superman ya bayyana a mujallar Action Comics ta farko a shekarar 1938, kamfanonin ɗab'i na birnin New York suka shiga rige-rigen ƙirƙiro nasu jaruman, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan aka samu ɗaruruwansu, kowanne da kayansa masu launi da irin ƙarfin da aka laƙaba masa. Waɗanda duniya ta sani a yau ba su kai cikin cokali ba. Ni kuwa sauran ne suka ja hankalina, wato waɗanda suka fito sau biyar ko goma a cikin mujallar da ake sayarwa santi goma, daga nan aka daina jin ɗuriyarsu. Na ɗauki lokaci mai tsawo ina bin sawunsu a rumbunan intanet guda biyu, Digital Comic Museum da Comic Book Plus, inda masu sha'awa suke ɗaukar hoton tsofaffin mujallu shafi bayan shafi suna ajiyewa kyauta. Abin da ya ba su damar yin haka shi ne dokar Amurka ta wancan zamani, wadda ta tanadi cewa sai an sabunta haƙƙin mallakar aiki bayan shekara 28, kuma kamfanoni da dama sun durƙushe kafin lokacin ya yi, saboda haka ayyukansu suka zama na kowa da kowa.

Abu na farko da na lura da shi shi ne cewa mujallar wancan lokaci ba ta jarumi ɗaya ba ce. Yawanci shafi 64 ne, an cusa labarai bakwai ko takwas a ciki, kuma wanda aka zana a bango ba lallai ne ya fi sauran armashi ba. Saboda haka na daina neman suna ɗaya in karanta shafukansa in rufe, na koma karanta mujalla daga bango zuwa bango, har da tallace-tallacen da ke ƙarshe. Ta wannan hanya na ci karo da Red Bee a cikin Hit Comics na kamfanin Quality na 1940, wani mataimakin lauyan gwamnati mai suna Rick Raleigh wanda makaminsa ƙudan zuma ne da ya horar, kuma yana ajiye wanda ya fi so, mai suna Michael, a cikin ƙarfen bel ɗinsa. A wata mujallar kamfanin, Crack Comics, akwai Madame Fatal, tsohon ɗan wasan kwaikwayo da yake shigar tsohuwa mai dogara sanda domin ya nemo 'yarsa da aka sace, ɓarayi su raina shi har sai sun ji naushi. Akwai kuma Ma Hunkel ta mai zane Sheldon Mayer, matar aure mai jiki, wadda ta kifa tukunyar girki a ka, ta huda mata idanu biyu, ta fita gyara unguwarsu da sunan Red Tornado. Mai karatu na yau zai yi dariya, ni ma na yi, amma abin da na fahimta daga baya shi ne cewa a 1940 babu wanda ya riga ya yanke yadda jarumi ya kamata ya kasance, don haka kowane mai zane yana gwada abin da ya faɗo masa a rai ne, kasuwa ta tace.

Wanda ya fi tsayar da ni a cikinsu duka shi ne Fletcher Hanks. Aikinsa a wannan sana'a bai wuce tsakanin 1939 da 1941 ba, kuma ba kamar yawancin abokan aikinsa da ake raba wa aiki, wannan ya rubuta wancan ya zana wani ya bi da tawada, shi kaɗai yake yin komai nasa. Jaruminsa Stardust, wanda ya fara fitowa a Fantastic Comics na kamfanin Fox a ƙarshen 1939, ƙato ne mai ƙaramin kai da wuya mai kaurin gaske, yana zaune a wani tauraro yana leƙen mugayen duniya da na'urorinsa. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Mugaye su ƙulla makirci, su yi ɓarna mai yawa, sannan Stardust ya sauko, kuma daga nan babu wani faɗa, domin babu wanda zai iya tinkararsa, sai hukunci kawai. Hukuncin ne Hanks yake ɓata shafuka a kansa. A wani labari ya mayar da wasu maciya amanar ƙasa ƙanƙara suka narke, wasu kuma ya mayar da su ɓeraye. A wani ya kumbura kan shugaban miyagu har kan ya haɗiye gangar jikin, ya ɗauke shi ya yi sararin samaniya da shi. Idan ka ƙura wa shafin ido za ka ga mutane suna shawagi a iska a jere, jikinsu a sandare, fuskokinsu iri ɗaya, bayansu kuma fili ne mai launi ɗaya babu komai a cikinsa, ga ɗigo-ɗigon launin injin buga takarda ya ɗan zame ya fita daga layin tawada. Ba zane ne na gwaninta irin ta makaranta ba, amma da zarar ka gani sau ɗaya ba za ka sake rikita shi da na wani ba.

Ɗaya jarumar tasa, Fantomah, ta fito a Jungle Comics na kamfanin Fiction House a farkon 1940, kusan shekara biyu kafin Wonder Woman, abin da ya sa ake lissafa ta cikin mata na farko masu ƙarfin ban mamaki a wannan fage. Kyakkyawar mace ce mai gashi ruwan zinariya, amma idan ranta ya ɓaci fuskarta takan rikiɗe ta koma shuɗin ƙoƙon kan gawa, gashin kuma yana nan yadda yake. Hanks ya sa hannu a labaranta da sunan Barclay Flagg, kuma wannan shi ne darasi na biyu da aikin ya koya mini: sunan da ke ƙasan shafi sau da yawa na aro ne, wani lokaci ma na kamfani ne da masu zane da yawa suke amfani da shi. Haka nan watan da aka rubuta a bango yakan riga ainihin ranar fitowar mujallar da wata biyu ko uku, domin ta daɗe a kan teburin mai sayarwa. Na saba duba ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko, inda ake bayyana kamfani da shekara, sannan in gwada da kundin Grand Comics Database kafin in yarda da kowace rana. Sunayen jaruman ma suna ruɗarwa, domin Daredevil na kamfanin Lev Gleason na 1940, mai riga rabi ja rabi shuɗi, ba shi da wata dangantaka da Daredevil makaho na kamfanin Marvel wanda ya zo a 1964. Shi Hanks ya rasu a New York a 1976 cikin talauci, ba a san da shi ba, sai a 2007 da Paul Karasik ya tattara wasu daga cikin labaransa kamfanin Fantagraphics ya buga su a littafi guda.

Da na tara sunaye da yawa sai na fara tambayar abin da ya kashe su, kuma amsar ba ta cika zama rashin kyan labari ba. Wonder Man da Will Eisner ya zana wa Fox a 1939 fitowa ɗaya ya yi, masu Superman suka kai ƙara kotu cewa kwaikwayo ne, suka yi nasara. Captain Marvel na kamfanin Fawcett, wanda a wasu shekaru ya fi Superman kansa kasuwa, shari'a da masu Superman ce ta ja shi har kamfanin ya haƙura a 1953. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu karatu suka karkata ga labaran soyayya da na ban tsoro da na 'yan fashi, sannan a 1954 aka yi zaman majalisar dattawan Amurka a kan illar waɗannan mujallu ga yara, aka kafa hukumar tace su, ƙananan kamfanoni suka yi ta rufewa, Quality ma ya bi sahu a 1956. Takardar kanta mai araha ce, kuma a lokacin yaƙi an yi ta tara tsofaffin takardu domin sake sarrafa su, don haka abin da aka buga da dubban ɗaruruwa ya zama sai an tona. A ganina, jaruman da suka rayu su ne waɗanda ubangidansu ya rayu.

Akwai ɓangaren da ba ya karantuwa da daɗi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Labaran daji irin na Fiction House cike suke da Afirka ta ƙarya, inda baƙar fata ko dai matsoraci ne mai ɗaukar kaya ko mugun boka, mai ceto kuwa kullum Bature ne. Fantomah ma a cikin wannan dajin take mulki. Wannan ya sa na ɗauki All-Negro Comics da muhimmanci, mujallar da ɗan jarida Orrin Evans ya fitar a Philadelphia a 1947, wadda baƙaƙen Amurka ne kaɗai suka rubuta suka zana. A cikinta akwai Lion Man, matashin masanin kimiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura Gold Coast, wato Ghana ta yau, domin ya tsare wani dutse mai ɗauke da ma'adinin yuraniyam, tare da wani yaro maraya mai suna Bubba. Labarin gajere ne kuma bai tsira gaba ɗaya daga zanen daji na zamaninsa ba, amma a nan mai ilimi da ƙarfi baƙi ne. An sayar da mujallar santi 15, kuma fitowa ɗaya ta yi, domin an shirya ta biyu dillalan takarda suka ƙi sayar wa Evans.

Daga nan ne na juyo gida, na nemi Powerman, jarumin da kamfanin Pikin ya riƙa bugawa domin kasuwar Najeriya tsakanin 1975 da 1977, wanda Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka zana tun kafin su yi suna, har Gibbons ya zo ya zana shahararren labarin zane Watchmen. Kamfanin Eclipse ya sake buga wasu labaran a Amurka a 1988, ya canza wa jarumin suna zuwa Powerbolt, kuma wannan bugun ya fi na asalin sauƙin samu nesa ba kusa ba. Haka wahalar samun na asali take ga Lance Spearman na mujallar African Film, labarin hoto da aka yi ta karantawa a biranen Najeriya daga ƙarshen shekarun 1960. Samun cikakkiyar mujallar Amurka ta 1940 ya fi mini sauƙi a kan samun ta Legas ta 1976, saboda can an sami mutanen da suka ajiye, suka ɗauki hoto, suka rubuta lamba da shekara. Yanzu duk lokacin da na bi ta wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi nakan tambaye su ko suna da tsofaffin mujallun zane, in kuma na samu, ko da bangon ya yage, nakan ɗauki hoton kowane shafi in rubuta sunan kamfani da shekarar bugu kafin in ajiye.