A-kori-kurar Baba ta fara ja da ƙafa huɗu, amma sai da na ƙirga haƙora

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Wata biyu ke nan ban ce uffan ba game da motar nan, har wasu sun ɗauka na yi zuciya na miƙa wa 'yan gwangwan. Tana nan daram. Ranar Asabar da ta wuce ma ta fita daga gareji da kanta, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Sai dai kafin a kai nan na tafka wani kuskure da ya ci min mako uku da kuɗin da ba zan faɗa ba, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ga waɗanda ba su san farkon zancen ba: Fijo 504 ce a-kori-kura, haɗin Kaduna, ta 1984, daga masana'antar nan ta Kakuri da ta fara haɗa Fijo a 1975. Da ita mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana ɗauko kwandunan tumatir daga fadama. Da rani ba ta da matsala. Da zarar damina ta kankama kuwa, akwai wani kwari kafin a kai gonarmu inda taɓo ke riƙe ta, ƙafafun baya su yi ta wulwulawa suna watso laka, mu yara mu sauka turi. Tun lokacin nake cewa wata rana sai na sa wa motar nan taimako, wato ta riƙa ja da ƙafa huɗu.

Ba ni na fara wannan tunani ba. Kamfanin Dangel da ke garin Sentheim a Faransa ya yi ta mayar da 504, har da a-kori-kura, masu ja da ƙafa huɗu tun farkon shekarun 1980. Su sun bar wa ƙafafun gaba 'yancinsu, kowace tana motsi ita kaɗai kamar yadda Fijo ta ƙera. Ni ba ni da kayansu, ba ni da injiniyoyinsu, don haka na bi hanyar talaka: aksul (ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu) na gaba da na baya, giyabos da akwatin taimakonsa, duk na tsohuwar Hilux, irin mai doguwar aksul guda a gaba wadda ke zaune kan sifirin mai ganye. Injin dai na Fijo ne, mai lita 2, don shi ne ran motar. Idan na cire shi, to ba motar Baba ba ce kuma.

Aikin gaba shi ya fi cin rai. Hilux tana da shasi tun daga hanci har wutsiya, ita kuwa 504 gabanta duk a jikin bodi yake, babu ƙarfen da za ka rataya sifirin a kai hankalinka kwance. Dole muka ƙera ƙaramin shasi da ƙarfe mai kusurwa huɗu, muka zura shi ƙarƙashin injin har ya haɗu da ƙarafan da ke ɗauke da bayan motar. Wani dattijo mai walda a Panteka ne ya yi min, mutum mai ƙarancin magana. Da na nuna masa zanen da na yi a takarda, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, a nan za ta tsage," ya ɗora yatsa daidai inda sabon ƙarfe zai haɗu da tsoho. Ya yanko faranti biyu masu siffar kifi ya lulluɓe mahaɗar ta kowane gefe, ya ƙi yin walda a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Na tambaye shi dalili, ya ce layi miƙaƙƙe hanya ce ka shata wa tsagewa. Ban ƙara ba shi shawara ba har ya gama.

Sitiyarin Fijo ya tafi, mun sa akwatin sitiyari na Hilux. Farantin da ya haɗa injin da giyabos kuwa wajen masu injin sassaƙa ƙarfe aka yi shi, sau biyu, don na farkon ya kauce kaɗan daga tsakiya. Injin 504 a kwance yake ta gefen dama, ita ma farfelar gaba ta Hilux, wato sandar da ke kai juyi ga aksul, ta dama take bi, sai ga bututun salansa ya tare mata hanya. Muka yanke shi muka karkatar. Waɗannan duk wahala ce ta jiki, ana yi ana shan shayi.

Ga inda na faɗi.

Aksul ɗin biyu ba daga mota ɗaya suka fito ba. Na gaba na same shi tun bara, na baya kuma wani dillali ne ya kawo min, ya ce duk Hilux ce, ai ɗaya ne. Ni ma ban musa ba. Na duba faɗi, na duba ramukan noti shida, na ga birki lafiya, na biya. Abin da ban duba ba shi ne abin da ke cikin difaransha, wato tulun giyar da ke jikin aksul mai raba juyi ga tayoyi biyu.

Ranar gwajin farko mun fito da ita kan jar ƙasa mai tauri da ke bayan gareji. Da ƙafa biyu ta tafi sumul. Na sauka na murɗa makullan ƙafafun gaba zuwa Lock, na koma na ja ƙaramin liba na taimako. Ko tsawon mota biyar ba mu yi ba sai na ji ta yi nauyi, kamar an ɗaura mata tirela. Sitiyari ya ƙage. Tayoyin gaba suka fara wani tsalle-tsalle suna kartar ƙasa, ƙarƙashin kujera kuma wani gurnani na tashi. Na tsaya zan cire taimakon, liba ta ce ba ta san zancen ba. Da hannu biyu na ja, ko gezau. Sai da Oga, mai garejin, ya sa yara suka kawo jak aka ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Tana rabuwa da ƙasa ta yi wani fizgewa ita kaɗai, fat, har yaron da ke kusa ya yi baya da sauri. Nan take liba ta fita kamar ba ita ba.

Oga bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ka ƙirga haƙoran?" Na ce wane haƙora. Ya girgiza kai ya koma kan aikinsa.

Washegari na zare kawunan difaransha biyun na ajiye su kan buhu, na wanke da kananzir, na samo alli. Ka sa alama a haƙori ɗaya na babban faifan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka dawo kan alamar, sannan ka yi haka ga ƙaramin da ke juya shi. Na gaba: babba 39, ƙarami 8. Na baya: babba 41, ƙarami 9. Na sake ƙirgawa har sau uku ina fatan idona ne. Idan ka raba 39 da 8 za ka samu 4.88, idan ka raba 41 da 9 za ka samu 4.56. Ma'ana, farfelar gaba sai ta juya kusan sau biyar kafin taya ya zagaya sau ɗaya, ta baya kuwa sau huɗu da rabi da ɗan ɗoriya ya ishe ta. Akwatin taimakon Hilux irin wannan ba shi da difaransha a tsakiya, idan ka sa shi farfela biyun sun zama sanda ɗaya, juyinsu ɗaya. To duk mita 100 da ƙafafun gaba suka yi, na baya suna neman yin 107. Baya na turi, gaba na tirjiya, ƙarafan da ke tsakani su ke shan matsa. A cikin laka ko rairayi taya zai zame ya sauke nauyin, mai yiwuwa ma ban lura da wuri ba. A ƙasa mai tauri babu inda ƙarfin zai tafi sai cikin kuros, wato gaɓar farfela, da haƙoran giya. Da a kwalta na yi gwajin nan da gudu, da yanzu labarin fasasshen akwati nake ba ku.

Abin haushin shi ne ba sai an kwance komai ba ake ganewa. Tun a wurin saye, a ɗaga ƙafa ɗaya, ɗayar a riƙe ta kada ta motsa, a sa alli a jikin taya da kuma inda farfela ke ɗaurewa. A juya tayan sau biyu cif, ana ƙirga juyin wajen farfelar. Abin da ka samu shi ne lissafin aksul ɗin. Idan na gaba ne a tabbata makullan suna kan Lock. Minti biyar ne. Hilux ta zo da lissafi kala-kala, akwai 4.10, akwai 4.30, ga kuma waɗannan biyun, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya. Dillalin ma ina jin bai sani ba, ban ɗora masa laifi ba, tunda ni mai haɗa motar ban tambaya ba.

Sa'ar da na ci ita ce kan difaransha na wannan zamanin Hilux yana shiga gaba yana shiga baya, don haka ba sai na canza aksul gaba ɗaya ba. Tambayar kawai ita ce wanne zan bi. Wani abokina ya ce in mayar da duka 4.56 don ta samu gudu a kan titi, ta kuma rage shan mai. Na ƙi. Tayoyin da na sa sun fi na asali tsayi, ƙarafan da muka ƙara sun yi mata nauyi, injin kuma ɗan lita 2 ne da ya haura shekara arba'in. Gudun me zan yi da ita? Kwarin gonarmu nake so ta haye da lodi. Na nemo wani 4.88, wannan karon da allina a aljihu, na ƙirga a gaban mai shagon yana min dariya.

Kada kuma wani ya gyara difaransha ya manta da taya. Idan na gaba sun fi na baya girma, ko sababbi ne a gaba suɗaɗɗu a baya, ciwon nan dai zai dawo, ko da bai kai nawa tsanani ba. Huɗun su zama lamba ɗaya, iska ɗaya.

Ranar Asabar ɗin mun kai ta bakin rafi inda masu tifa ke ɗibar yashi. Na sa ta a ƙaramin taimako, wanda ke ninka ƙarfin giya sau 2.28, na saki kulochi a giya ta ɗaya ban taɓa totur ba. Ta shiga yashin tana tafiya a hankali kamar raƙumi, babu kuka, babu tona rami. Ƙanena da muka sha turi tare yana tsaye a gefe, hannu a ƙugu, ya kasa cewa komai.

Saura aiki. Da na wuce gudun kilomita 60 a awa a kan kwalta sitiyari ya fara yawo, sai na riƙa kamo ta hagu da dama. Na san laifina ne: lokacin ɗaura aksul na gaba na ɗan ɗaga hancin difaransha sama don farfela ta zauna daidai, wannan kuwa ya cinye kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. Za mu sa siririn ƙarfe mai tudu tsakanin sifirin da aksul mu mayar da shi, in farfela ta yi ƙorafi a nemo mata kuros mai biyu. Birkin baya yana riga na gaba kamawa, shi ma sai an zauna a kansa. Giyabos na ɗan yoyon mai ta wajen farantin haɗi. Ba za ta ɗauki ko kwando ɗaya ba sai an gama waɗannan an kai ta 'yan VIO sun duba. Litinin in Allah ya kai mu zan fara da sitiyarin, na riga na aro ma'aunin kusurwa a wajen dattijon Panteka.