Ba wuta ba ce, awa takwas ce

Sabbin baturan inbata da Alhaji ya saya wa shagonsa na kayan masarufi a Unguwar Rimi har yau suna ɓata mini rai. An kashe kuɗi ne a kan ciwon da ba ruwansa da wuta.

Wani ɗan sikirif ne, wato ƙaramar manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python, yake shigar da cinikin rana cikin rumbun bayanai na MySQL, ƙarfe bakwai na safe kuma ya haɗa rahoto ya tura wa Alhaji a waya. Rahoton ne ya daina zuwa. Da rana idan na sake tayar da sikirif ɗin komai lafiya lau, washegari da safe shiru. Wanda ya rubuta shi tun farko ya sa kowace irin matsala ta fito da jimla ɗaya tak: "haɗi ya gaza". Ba lamba, ba bayani. To a Kaduna kuwa, da an ce abu ya mutu cikin dare kowa ya san wanda za a zarga. Manajan shago ya ce wuta ce ake ɗaukewa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan, ta mutu. Kafin in buɗe baki an kawo batura.

Batura suka zo, rahoto bai zo ba.

Abin da ya farkar da ni shi ne goman ƙarshe na azumi. Shago yana kaiwa kusan sha biyun dare a buɗe, kuma kwatsam rahoto ya dawo. Bayan salla aka koma rufewa ƙarfe tara, ya sake ɓacewa. Wace irin wuta ce wannan da ta san lokacin tashi daga shago?

Na cire waccan jimlar, na bar sikirif ya rubuta ainihin saƙon. Sai ga lamba 2006, "MySQL server has gone away". Lambobin nan kowacce da labarinta. 2003 na nufin ba ka ma isa ga sabar ba, sai ka duba adireshi da tashar 3306, ƙofar da ake shiga MySQL ta nan. 1045 ka isa amma an ƙi sunanka ko kalmar sirrinka. Ita 2006 cewa take da kana ciki, aka rufe ƙofa ba ka sani ba. Na tambayi sabar Uptime ɗinta, wato tsawon lokacin da ta yi a kunne, ta nuna ba ta mutu ba tun kafin a sayi baturan. Minti ɗaya wannan binciken yake ɗauka, wallahi.

MySQL na da wani saiti, wait_timeout, wanda yake zuwa a kan daƙiƙa 28800, wato awa takwas. Duk haɗin da ya zauna haka ba a taɓa shi ba, sabar za ta yanke shi. Sikirif ɗinmu sau ɗaya yake buɗe haɗi da sabar ya riƙe, da an tashi daga shago kuma ba ya sake taɓa shi sai safe. Daga taran dare zuwa bakwai na safe awa goma ne. Daga sha biyu saura kuwa bai kai takwas ba.

Da na yi wa Alhaji bayani sai ya ce, "To ka ƙara awannin mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, ana iyawa, amma ranar da aka rufe shago kwana biyu za mu dawo gidan jiya." Sai na sa sikirif ya buɗe sabon haɗi lokacin da yake buƙata, ya rufe idan ya gama. A kayan haɗa Python da MySQL, masu amfani da PyMySQL za su iya kiran ping da reconnect=True kafin su tambayi sabar bayanai, masu SQLAlchemy kuma su kunna pool_pre_ping. Layi huɗu gyaran ya ci.

Manaja dai har yanzu cewa yake ai baturan ma sun taimaka. Ban tanka masa ba, don shi ke sa hannu a takardar biyana.